Ku Tambaya Mu Amsa: Addini da Kaki a Makarantun Hafsoshin Sojan Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan asalin Katsina ne, ina zaune a jihar Maryland ta Amurka fiye da shekara ashirin, kuma a nan aka haifi 'ya'yana duka. Babban ɗana yana ajin ƙarshe a sakandare, ya ƙwallafa rai a kan shiga makarantar horar da hafsoshin sojan sama da ke Colorado Springs domin yana son tuƙin jirgi. Wani abokina ya ce mini makarantar ta yi ƙaurin suna wajen matsa wa waɗanda ba Kirista ba, har ma akan gayyato masu ɓatanci ga Musulunci su yi jawabi. Ina tsoron tauye masa burinsa, ina kuma tsoron ya rasa sallarsa. Shin maganar gaskiya ce? Idan aka ci mutuncin addininsa a gabansa, me zai yi alhali yana ƙarƙashin umarni? *Daga wani mahaifi, Maryland.*

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya raya wannan yaro, ya yi masa zaɓi mafi alheri. Abokinka bai yi ƙarya ba, domin abin da ya ji ya faru, jaridu sun rubuta shi, har rundunar sojan sama ta kafa kwamitin bincike a kansa. Sai dai ya kamata ka ji labarin daga tushe, saboda hukuncin da za ka yanke a kan rayuwar ɗanka ya fi ƙarfin a gina shi a kan "an ce".

Gyara na farko da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka ya ɗora wa gwamnati sharuɗɗa biyu game da addini: kada ta kafa wani addini ko ta fifita shi, kada kuma ta hana kowa yin nasa. A rayuwar farar hula waɗannan sharuɗɗa ba su cika yin karo ba, tun da mutum yana tashi daga aiki ya nufi masallacinsa ko cocinsa ba tare da neman izinin kowa ba. A makarantar soja kuwa kullum sai sun yi karo, domin gadon da yaro yake kwana a kai, da abincin da yake ci, da tufafin jikinsa, da lokacin barcinsa da na tashinsa, duk a hannun gwamnati suke. Idan ba ta tanadar masa wurin ibada da limami ba, ta hana shi addininsa. Idan kuma hafsoshinta suka mayar da wannan tanadi hanyar jan yara zuwa ga aƙidarsu, ta faɗa cikin ɗaya laifin. Har zuwa 1972 dole ne kowane ɗalibi a makarantar hafsoshin sojan ƙasa ta West Point da ta sojan ruwa ta Annapolis da ta sojan sama ta Colorado Springs ya halarci ibadar mako, ko ta Furotesta ko ta Katolika ko ta Yahudawa, wanda ya ƙi kuwa a hukunta shi. Ɗalibai ne da kansu suka kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Washington ta soke wannan tilas, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sake duba shari'ar.

Rikicin da abokinka yake nufi ya taso ne a 2004 da 2005. Colorado Springs gari ne da manyan ƙungiyoyin Kirista masu wa'azin bishara suka kafa hedikwatocinsu, kuma tasirinsu ya ratsa har cikin makarantar. Ɗalibai kimanin dubu huɗu ne suke cin abincin rana a zaure guda a lokaci guda. A farkon 2004 suka zo suka tarar an ajiye wa kowa takardar tallan wani fim na kwanakin ƙarshe na Yesu a gaban farantinsa, Bayahude da Musulmi da marar addini ba a tsame kowa ba. A watan Nuwamba na wannan shekara kocin ƙwallon makarantar, Fisher DeBerry, ya rataya kyalle a ɗakin da 'yan wasa suke sauya kaya, wanda ke cewa mai wasa Kirista ne da farko da ƙarshe, kuma ɗan ƙungiyar Yesu ne, sai da hukumar makarantar ta sa ya sauke shi. Shi kansa kwamandan ɗalibai, Birgediya Janar Johnny Weida, an zarge shi da amfani da muƙaminsa wajen yaɗa aƙidarsa. An ƙidaya ƙorafi 55 cikin shekara huɗu, ciki har da na wani ɗalibi Bayahude da aka kira makashin Almasihu. Abin lura shi ne, waɗanda suka fara ɗaga murya ba Musulmi ba ne. Akwai Kyaftin MeLinda Morton, limamiyar Kirista a makarantar, wadda ta fito ta faɗi gaskiya aka kawar da ita daga muƙaminta, daga baya ta bar aikin. Akwai kuma Mikey Weinstein, lauya Bayahude wanda ya sauke karatu a makarantar a 1977, wanda aka zagi ɗansa da Yahudancinsa a can, ya kai ƙara, sannan ya kafa ƙungiyar kare 'yancin addini a cikin soja wadda har yau ake jin ta. Ƙungiyar tasa tana cewa mafi yawan masu kawo mata kuka Kiristoci ne da ake gaya musu Kiristancinsu bai isa ba.

A watan Yuni na 2005 kwamitin da Laftanar Janar Roger Brady ya jagoranta ya fitar da rahoto, ya ce bai ga wariyar addini ta fito-na-fito ba, amma ya ga gazawa wajen biya wa mabiya sauran addinai bukatunsu, da rashin sanin inda iyakar bayyana imani take. A ganina kwamitin ya sassauta harshe, amma ya taɓa inda ciwon yake, kuma ina so ka fahimci wannan wuri sosai domin a kansa duk shawarata ta rataya. A West Point an san ɗalibin shekarar farko da amsoshi huɗu kacal idan na gaba da shi ya yi masa magana: i, a'a, ba ni da uzuri, ban gane ba. Sauran makarantun ma da irin tasu ƙa'idar. Idan abokin ɗakin ɗanka ya ce masa ya zo su je coci ranar Lahadi, zai ce ya gode, shi Musulmi ne, su ci gaba da goge takalmansu, babu abin da ya ɓaci. Idan kuwa mai gayyatar shi ne wanda yake rubuta rahoton da zai sa a ba shi gurbin koyon tuƙin jirgi ko a hana shi, to gayyatar ta zama umarni ko da an yi ta da murmushi. Kalmomin ɗaya ne, aninin da ke kafaɗar mai faɗa ne ya canza nauyinsu. Yaran Hausawa kuma sun fi wasu shiga wannan haɗari, domin mun tashe su a kan cewa bin na gaba bin Allah ne, ba mu koya musu yadda ake ce wa babba a'a cikin ladabi ba. Ka koya masa wannan tun yanzu: ya sara wa hafsa, ya bi umarninsa a kan fareti da atisaye, amma ya san cewa dokar ƙasar da ta rundunar duka ba su ba kowa ikon tura shi wata ibada ba.

Abubuwa sun sauya tun bayan wancan rikici. Ginin ibadar makarantar, mai tsinaye goma sha bakwai, wanda aka kammala a 1962, yana da sashen Furotesta da na Katolika da na Yahudawa da na mabiya Budda, da kuma ɗakin salla na Musulmi. An rufe shi domin gyara a 2019 aka mayar da ibadu wasu wurare a cikin makarantar. A 2013 an mayar da ambaton Allah a ƙarshen rantsuwar ɗalibai zaɓi ga mai so. Sojan Amurka ya samu limaminsa Musulmi na farko, Abdul-Rasheed Muhammad, tun 1993, amma har yanzu limaman Musulmi masu kaki kaɗan ne, saboda haka mai yiwuwa fasto ne zai riƙa kula da sha'anin ɗanka. Kada wannan ya firgita ka, domin aikin limamin soja a tsarinsu ya haɗa da nema wa mabiyin wani addini lokaci da wuri da abincin da ya halatta gare shi. Lokaci mafi wuya shi ne makonni shida na horon farko a tsakiyar shekara, lokacin da ake karɓe waya, a aske kai, a cika yini da gudu da tsawa. Asuba ba za ta ba shi wahala ba tun da ana tashinsu da duhu. Azahar da la'asar da Juma'a ne suke bukatar shiri. Ku je wurin malamin da kuka amince da shi ya yi masa bayanin hukuncin haɗa salloli a halin larura, sannan ya rubuta bukatarsa ga ofishin limaman makarantar tun kafin ya shiga, ya nemi amsa a rubuce. Azumi kuwa a 'yan shekarun nan yana faɗowa ne a watannin Fabrairu da Maris, ba zai haɗu da horon farko ba.

Na nanata maganar rubutu ne saboda iska tana juyawa da sauyin gwamnati. A 2025 ministan tsaro Pete Hegseth ya fara shirya ibadar Kirista wata-wata a cikin Pentagon, hedikwatar ma'aikatar tsaro, a lokacin aiki, kuma a ƙarshen Satumba na shekarar ya sanar da tsaurara ƙa'idar barin gemu. An ce halartar ibadar ba dole ba ce, amma kai ma ka san yadda "ba dole" take a bakin mai gida.

Idan aka ci mutuncin addininsa, ya fara duba bakin da maganar ta fito. In daga tsaransa ne, sau da yawa jahilci ne na yaron da bai taɓa zama da Musulmi ba, kuma amsa ɗaya mai nauyi cikin natsuwa takan fi faɗa amfani. Idan abin ya zama tsangwama ta kullum, ya kai ƙorafi. In daga malami ne ko wani mai muƙami, kada ya yi gardama a gaban jama'a, kada kuma ya haɗiye. Ya rubuta rana da wuri da ainihin kalmomin da sunayen waɗanda suka ji, ya kai wa limami, ko ofishin tabbatar da daidaito, ko babban mai bincike na rundunar, wanda doka ta hana a ɗauki fansa a kan wanda ya kai masa ƙorafi. Wannan hanya tana aiki. A 2012 an gano cewa a kwalejin manyan hafsoshi da ke Norfolk wani malami, Laftanar Kanar Matthew Dooley, yana koyar da darasin da ke hasashen yaƙi na gaba ɗaya da Musulunci, har da kawo misalin Hiroshima, birnin Japan da aka jefa wa bam ɗin nukiliya, a kan Makka da Madina. Wani hafsa daga cikin ɗaliban ne ya kai ƙorafi, aka dakatar da darasin, aka cire malamin daga koyarwa, babban hafsan hafsoshin ƙasar na lokacin, Janar Martin Dempsey, ya fito ya ce abin ƙyama ne kuma ya saɓa wa aƙidun rundunar. Da wannan hafsa ya tashi ya mari malamin, da shi za a hukunta, darasin kuma ya ci gaba.

Sannan ya tabbatar da abu kafin ya yaɗa shi. A watan Satumba na 2017 an ga kalmomin wariyar launin fata a allunan ƙofofin wasu ɗalibai baƙaƙe biyar a makarantar share fage ta Colorado Springs. Shugaban makarantar, Laftanar Janar Jay Silveria, ya tara ɗalibai duka ya ce duk wanda ba zai iya mutunta ɗan'uwansa ba ya fice, jawabin ya zagaye duniya. Bayan 'yan makonni bincike ya nuna ɗaya daga cikin yaran biyar ne ya rubuta. Maganar janar ɗin tana nan da gaskiyarta, amma wannan ƙarya guda ta zama makami a hannun masu son ƙaryata duk wani ƙorafi na gaskiya da zai biyo baya.

Ko za ka bar shi ya tafi? Idan yaro ne da yake tashi salla ba sai an tashe shi ba, ban ga dalilin hana shi saboda tsoron wa'azi ba. Gani ya kori ji, ku ziyarci makarantar tare, ku nemi ganawa da ɗalibai Musulmi da ke ciki. Akwai maganar da ta fi wannan nauyi wadda ba ka tambaya ba: karatun kyauta ne amma da bashi, domin wanda ya gama zai yi aikin soja aƙalla shekara biyar, matuƙin jirgi kuwa shekara goma bayan ya gama koyon tuƙi, kuma ba shi yake zaɓen ƙasar da za a tura shi ya yi yaƙi ba. Ku zauna a kan wannan kafin ya nemi takardar ɗan majalisar da zai gabatar da sunansa.

Tambaya: Amurkawa suna alfahari da 'yancin faɗar albarkacin baki, idan an ɓata Musulunci su ce 'yanci ne. Amma na ji an taɓa hana wani janar yin jawabi a West Point saboda kalamansa a kan Musulunci. Shin wannan ba baki biyu ba ne? Ko dai a bar kowa ya yi magana, ko a hana kowa. *Daga wani ɗalibin shari'a, Kano.*

Amsa: Malam, tambayarka ta ɗan shari'a ce, kuma amsarta tana cikin bambancin da ke tsakanin haƙƙin yin magana da haƙƙin a ba mutum mumbari. Wanda kake nufi shi ne Laftanar Janar William Boykin, tsohon kwamanda a rundunar musamman wanda ya yi yaƙi a Mogadishu a 1993. A 2003 aka bankaɗo jawaban da yake yi a coci-coci, sau da yawa sanye da kaki, inda a ɗaya daga cikinsu ya ba da labarin wani madugun yaƙi Musulmi ɗan Somaliya, ya ce ya san Allahnsa ya fi na mutumin girma, nasa na gaskiya ne na wancan kuwa gunki. Shugaba George Bush ya nesanta kansa da kalaman, binciken ma'aikatar tsaro kuma ya same shi da karya ƙa'idojin jawabin hafsa. Bayan ya yi ritaya a 2007 ya ƙara gaba, har ya ce bai kamata Musulunci ya samu kariyar kundin tsarin mulki ba. Shi ne West Point ta gayyata ya yi jawabi a taron addu'a na karin kumallo a watan Fabrairu na 2012. Ƙungiyoyin Musulmi da wata ƙungiyar tsofaffin sojoji suka nuna rashin amincewa, a ƙarshen Janairu aka sanar cewa ya janye.

Babu wanda ya kama Boykin, babu wanda ya ci shi tara, ya ci gaba da faɗin abin da yake faɗa a talabijin da coci. Abin da ya rasa shi ne tsayawa a gaban ɗalibai da sunan makarantar, a taron addu'a, inda ba a ɗaga hannu a yi tambaya balle a mayar da martani. Ka sa kanka a matsayin ɗalibi Musulmi da ya yi rantsuwar kare kundin tsarin mulki, yana zaune da kakinsa, hukumar makarantarsa tana karrama mutumin da ya ce wannan kundi bai shafi addininsa ba. Abin da aka gaya masa ke nan a aikace, ko da baƙon bai ambaci Musulunci ba a ranar.

Ban ce duk mai ra'ayi mai zafi a rufe masa ƙofa ba. Hafsan da zai jagoranci mutane a fagen fama yana bukatar ya saba da jin abin da ba ya so. A watan Fabrairu na 2008 makarantar sojan sama ta gayyato mutum uku, ciki har da Walid Shoebat, waɗanda suke cewa su tsofaffin 'yan ta'adda ne da suka bar Musulunci suka shiga Kiristanci, kuma masana da 'yan jarida da dama sun yi shakkar labarinsu. An yi ta suka amma sun yi jawabinsu. Daga baya makarantar ta gayyato masu sukar, ciki har da Weinstein da masanin addinai Reza Aslan, su ma suka yi nasu. Gayyatar farko kuskure ce a wurina, domin makarantar ilimi bai kamata ta kawo wanda ba ta tantance gaskiyarsa ba ta kira shi masani. Amma gyaran da aka yi gyara ne irin na makaranta, hujja ta fuskanci hujja a zauren da ake iya tambaya. Allah ya umarce mu a Suratun Nisa'i cewa idan aka ji ana izgili da ayoyinsa kada a zauna da masu yi har sai sun shiga wani zance. Farar hula yana iya tashi ya fita. Ɗalibin soja a taron dole ba ya iyawa, shi ya sa nauyin da ke kan mai gayyata ya ninka.

Tambaya: Ni Kirista ne, na yi aikin soja shekara ashirin da shida kafin na yi ritaya. Na ji an taɓa sa wani ɗalibi a makarantar sojan saman Amurka ya goge ayar Littafi Mai Tsarki da ya rubuta a ƙofar ɗakinsa. A barikokinmu masallaci da coci suna kusa da juna, ba wanda ya ce wani ya ɓoye imaninsa. Me ya sa idan Kirista ne aka matsa wa ba a jin muryarku? *Daga wani tsohon soja, Kafanchan.*

Amsa: Baba, barka da hutawa, kuma ƙorafinka ya cancanci amsa ta gaskiya. Abin ya faru a watan Maris na 2014. Wani ɗalibi ya rubuta Galatiyawa 2:20, ayar da ta fara da "An gicciye ni tare da Almasihu", a ƙaramin allon da ke jikin ƙofar ɗakinsa ta wajen baranda. Ƙungiyar Weinstein ta ce ɗalibai da ma'aikata sun kawo mata ƙorafi, aka yi magana da yaron, aka goge ayar. Hujjar da aka kawo ita ce yana riƙe da muƙamin shugabanci a rukuninsa, kuma allon yana wurin da na ƙasa da shi suke wucewa. Shugabar makarantar ta lokacin, Laftanar Janar Michelle Johnson, ta ce da kansa ya goge bayan tattaunawa.

Ra'ayina shi ne an wuce gona da iri. Ayar ba ta zagi kowa ba, ba ta kira kowa ya bar addininsa ba, mutum ne yake faɗin abin da ya yi imani da shi a ƙofar ɗakin da yake kwana. Tazarar da ke tsakanin wannan da kyallen kocin da ke da ikon sa yaro a wasa ko ajiye shi a benci tana da faɗi. Na yarda muƙami yana ƙara wa magana nauyi, na faɗi haka a sama, amma idan aka ja wannan hujja har ta kai ga cewa duk wanda aka ba igiya ɗaya sai ya ɓoye imaninsa, to an wayi gari masu ibada ba za su iya shugabanci ba sai sun yi shiru, kuma wannan ma fifita wani ra'ayi ne a kan wani. Jin haushin ganin aya ba cutarwa ba ce. Abin da ya kamata a tambaya shi ne ko yaron ya taɓa fifita wani ko danne wani saboda addini, kuma ba a zarge shi da haka ba. Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne martanin 'yan'uwansa ɗalibai, domin wasunsu sun rubuta ayoyi a nasu allunan, daga Littafi Mai Tsarki da kuma daga Alƙur'ani. Sun gane cewa hannun da ya goge ta Kirista yau shi zai goge ta Musulmi gobe.

Maganar barikokinmu da ka kawo gaskiya ce. Sojan Najeriya yana da limaman Musulmi da na Katolika da na Furotesta masu kaki, kuma makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna, wadda aka kafa a 1964, tana tara yara daga kowace jiha su kwana ɗaki guda. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkinmu na 1999 ya ce ba za a tilasta wa ɗalibi a kowace makaranta shiga ibadar da ba ta addininsa ba. Ma'aunin da na nema wa ɗan Alhaji a Colorado shi nake nema wa jikanka a inda Musulmi suka fi yawa, kuma idan hafsa Musulmi ya yi amfani da anininsa ya takura wa kurtu Kirista, laifinsa daidai yake da na wanda na soka a can, kuma za ka ji muryata a wannan shafi.

Tambaya: Ina sha'awar aikin soja amma ba zan cire hijabina ba. Shin akwai makarantar soja a Amurka da take karɓar mai hijabi? *Daga wata ɗaliba, Ohio.*

Amsa: Ƙanwata, akwai, amma ba duka ba ne, kuma hanyar ta yi tsawo kafin a zo nan. A 1986 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta goyi bayan rundunar sojan sama da ta hana Kyaftin Simcha Goldman sa 'yar ƙaramar hular Yahudawa da kaki. A shekarar da ta biyo baya majalisar dokoki ta yi doka ta halatta tufafin addini matuƙar suna da tsafta da kamala kuma ba sa hana aiki. Mabiya addinin Sikh, masu rawani da gemu, su ne suka fi kowa jajircewa a kotu bayan haka, musamman Kyaftin Simratpal Singh wanda ya gama West Point a 2010, kuma mata Musulmi sun ci moriyar gwagwarmayarsu. A watan Janairu na 2017 rundunar sojan ƙasa ta ba kwamandojin birged ikon amincewa da hijabi da rawani da gemu, rundunar sojan sama kuma ta sabunta tata ƙa'idar a 2020.

Makarantun soja na jihohi da masu zaman kansu kowace da tata dokar. A watan Mayu na 2016 kwalejin Citadel da ke Charleston ta ƙi amincewa wata ɗaliba Musulma ta sa hijabi da kaki, shugabanta Laftanar Janar John Rosa ya ce shigar bai ɗaya ita ce ginshiƙin tarbiyyarsu. Wannan Rosa shi ne yake shugabantar makarantar sojan sama lokacin rikicin 2005. Jami'ar Norwich da ke jihar Vermont, wadda aka kafa a 1819 kuma ita ce makarantar soja mai zaman kanta mafi daɗewa a ƙasar, ta karɓi yarinyar da hijabinta, da sharaɗin launinsa ya dace da kakin. Ki rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai na duk makarantar da kike so, ki fayyace musu cewa kina neman izinin hijabi da dogon hannu da dogon wando har a lokacin motsa jiki, ki tambayi yadda suke yi da darasin ninkaya, kuma kada ki sa hannu a kan komai sai amsar ta zo miki a rubuce da sa hannun wanda yake da ikon bayarwa.